Nasiha Ga Mai Son Koyon Zamiya Da Motar Rimot

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, samari da 'yan mata masu tasowa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun ranar da waɗansunku suka same ni a farfajiyar gida da la'asar, da furfurata da kome, ina tsaye riƙe da rimot, wata 'yar mota da tsawonta bai wuce kamu guda ba tana kewaya gwangwanin madara a karkace, tambaya ba ta yanke mini ba: wannan ya ce a ina ake sayarwa, wancan ya ce nawa ne kuɗinta, wani kuma ya ce gudun kilomita nawa take yi a sa'a. To, da na lura cewa tambayoyin nan uku, ko da yake ba laifi ba ne a yi su, babu ɗaya a cikinsu da ta cancanci zama ta farko, sai na ga ya wajaba a kaina in zauna in shimfiɗa muku bayanin abin tun daga tushe, la'alla ku tsallake ramukan da na faɗa, ku tsira daga asarar da na yi.

Malamanmu sun saba, in za su buɗe wani fanni, sukan fara da ta'arifinsa, don kada a yi ta musu a kan abin da ba a san haddinsa ba. Wannan wasa, wanda masu yinsa ke kira dirif, ni kuwa na fi son in ce da shi zamiya, shi ne direba ya sa ƙafafun bayan motarsa su kuɓuce wa ƙasa da gangan sa'ad da zai sha kwana, gindin motar ya fita waje, hancinta ya dubi cikin kwanar, sa'an nan, maimakon ya taka birki ya nemi tsira kamar yadda kowane mai hankali zai yi a kan titi, sai ya murɗa sitiyari zuwa wajen da gindin ya nufa, ya riƙe ta a wannan hali da totur, tana tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, har ta fita daga kwanar ba ta juya ta dubi inda ta fito ba, ba ta kuwa miƙe kafin lokacin miƙewa ya yi ba. Santsi yakan zo wa mutum ba da izininsa ba, ya kayar da shi. Zamiya kuwa mai ita ne ya kira ta, kuma shi zai sallame ta. Saboda haka ne a gasar wannan wasa ba a duban wanda ya riga isa. Alƙalai ne ke zaune suna auna layin da motar ta bi, da girman karkacewarta, da kyan salon da aka yi abin.

Asalin al'amarin daga ƙasar Japan yake, kuma yana da silsila kamar yadda kowane ilmi yake da tasa. Wanda ake jingina wa farkonsa shi ne Kunimitsu Takahashi, wanda da fari mahayin babur ne na kamfanin Honda, har ya zama mutumin Japan na farko da ya ci tsere a babbar gasar babura ta duniya, a Jamus ta Yamma cikin 1961. Shekara guda bayan haka ya yi mummunan haɗari a tsibirin Man, daga baya ya koma tseren mota, inda aka san shi da shiga kwana da gudu ya bar motar ta zame, ya fito da saurinsa bai ragu ba, domin tayoyin wancan zamani ba su da riƙo irin na yanzu. Wani saurayi daga lardin Nagano, mai suna Keiichi Tsuchiya, haifaffen 1956, ya ga wannan salo ya ƙwallafa rai a kansa, ya yi ta maimaita shi da dare a kan murɗaɗɗun hanyoyin duwatsu, har sunansa ya haɗu da na wata ƙaramar Toyota mai jan baya da ake kira AE86, wadda aka ƙera tsakanin 1983 da 1987. A 1987 aka fitar da bidiyon tuƙinsa a kan waɗannan hanyoyi na jama'a, abin da ya jawo masa suna, ya kuma jawo aka dakatar da lasisinsa na tsere. Ku riƙe wannan na biyun, za mu komo gare shi. Abin da ya fi burge ni a labarin mutanen nan biyu shi ne, a 1995 almajiri da malaminsa suka haɗu a mota guda, Honda NSX, su da abokin tuƙinsu na uku, a tseren sa'a ashirin da huɗu na Le Mans a Faransa, suka ci ajinsu.

A cikin wannan shekara ta 1995 kuma wani mai zane, Shuichi Shigeno, ya fara fitar da labarin zane mai suna Initial D, na wani yaro ɗan mai sayar da awara, wanda kullum kafin asuba yake kai awara wani otal a kan dutse, uban kuwa yakan ajiye masa kofin ruwa a cikin motar, da sharaɗin kada ya zube, domin in ruwa ya zube awara ta farfashe. Ƙagaggen labari ne, amma wanda ya ƙaga shi ya san sirrin abin, gama taushin hannu shi ne jarin wannan sana'a baki ɗaya. Daga nan aka kafa gasar D1 Grand Prix a Japan, Amurka ta kafa tata, Formula Drift, a 2004, fim ɗin Tokyo Drift kuma ya fito a 2006 ya kai abin ko'ina, har gidajen kallonmu.

Masu wasa da ƙananan motocin rimot ba su zauna kallo ba. Da suka ga tayar roba mai taushi tana kama ƙasa ta ƙi zamewa, sai waɗansu suka riƙa yanka bututun ruwa na roba mai tauri suna sa wa ƙafafun motocinsu, kafin kamfanoni irin su Yokomo da Tamiya su fara ƙera tayoyi da motoci musamman don wannan. Motocin farko masu jan ƙafa huɗu ne, suna da sauƙin zamewa amma ba su kama da babbar mota a ido. Sai aka yi dabarar sa ƙafafun baya su fi na gaba saurin juyawa. Daga ƙarshe, da aka sami wata 'yar na'ura da ake kira jairo, sai aka koma jan baya zalla kamar na gaskiya, musamman bayan Yokomo ya fitar da samfurin YD-2 a 2016. Yau a wuraren wannan wasa jan baya shi ne mazhabar jama'a, kuma da shi nake ba ku shawara ku fara, don kada ku koyi wani hannu yau, gobe ku sha wahalar kankare shi.

Yanzu sai mas'alar saye, kuma a nan ne na yi faɗuwata ta farko. Na shiga kasuwa na ga wata mota a kwali mai ƙyalli, an zana ta tana fidda hayaƙi a kwana, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba, na biya ina murna na yi tsintuwa. Da na isa gida sai na tarar sitiyarinta hali uku kaɗai ya sani, hagu gaba ɗaya, ko dama gaba ɗaya, ko tsaye; toturinta kuma ko ta ruga ko ta tsaya, babu tsaka-tsaki. Ba a yi mako biyu ba wani ɗan ƙarfe ya karye a ƙafarta ta gaba, na kewaye masu gyaran rediyo da masu gyaran agogo, babu wanda ke da irinsa. Araha ba ta ado. Sharaɗi na farko ke nan, wanda in babu shi sauran duk ɓatattu ne: motar ta zama mai jin magana gwargwado, watau in ka murɗa sitiyarin rimot kaɗan ƙafafunta su juya kaɗan, in ka ja kunamar totur rabi ta ba da rabin ƙarfinta. Na biyu, ta zama wadda kowane sashe nata yana kwancewa da noti, yana da lamba, ana kuma sayar da shi daban. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa mun san daɗin abin da in ya karye kai ne makanikensa, kuma wannan daɗi shi ne rabin wasan nan.

Girman da aka fi yawan amfani da shi shi ne kashi ɗaya cikin goma na babbar mota: tsakanin ƙafar gaba da ta baya kimanin milimita 257, faɗi kuma wajen milimita 190 zuwa 200. Ban da Yokomo akwai MST na ƙasar Taiwan mai samfurin RMX, da 3Racing na Hong Kong mai Sakura D5 wadda ta fi sauƙin kuɗi, da Reve D na Japan mai RDX. Wanda ba shi da fili sai tsakar ɗaki yana iya duban ƙanana, irin Mini-Z na kamfanin Kyosho, wadda ke zama a tafin hannu. Amma in ka tambaye ni wacce ta fi, sai in ce maka wadda abokin wasanka yake da irinta, ko wadda ka tabbata za ka iya samo kayan gyaranta, domin a ƙasarmu, inda kusan kome sai an yi odarsa ta intanet an jira makonni, ko an roƙi wani matafiyi ya riƙo, mota mai daraja da ba ta da kayan gyara ba ta fi dutsen guga amfani ba. Ran da za ka yi odar motar, ka haɗa da hannuwan ƙafar gaba na ajiya, da boris, da 'yan notuna, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku sani kuma, abin da ake sayarwa a kwali da sunan mota sau da yawa ƙashi ne kawai, watau shasi a warwatse, sai ka haɗa da hannunka. Ba ya zuwa da rimot, ko sarbo mai juya sitiyari, ko jairo, ko injin lantarki da akwatin da ke auna masa wuta wanda ake kira ESC, ko batir da caja, sau da yawa ma har taya da bodi sai ka saya daban. Da yawa sun tara kuɗin shasi cif, ya iso, suka zauna suna kallonsa wata da watanni. Ka yi lissafin duka tun kafin ka fitar da kwabo. Akwai waɗanda ake sayarwa a haɗe, a shirye, kuma babu aibi ga wanda ya fara da su; sai dai ni na fi son yaro ya haɗa tasa, domin wanda ya ɗaura kowane noti da kansa, ran da motar ta fara wani ƙara da bai saba ji ba, ya san inda zai duba. In za ka haɗa, ka nemi sukudireba mai baki shida na milimita 1.5 da na 2.0 masu kyau, ka bi littafin shafi shafi ba tare da tsallake ba, kuma kada ka matse noti a cikin roba kamar mai ɗaure tayar tirela, ya isa ka tsaya da zarar ya zauna.

Game da inji, za ku ga lambobi irin 10.5T da 13.5T, gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon saurin injin. Zuciyar saurayi za ta ce masa ya ɗauki mafi gudu, ni kuwa ina ce masa 13.5T ya ishe shi har ya yi yawa, muddin mai sansa ne, watau 'yar na'urar da ke jin juyawar injin, domin shi ne ke juyawa da laushi a ƙaramin gudu ba ya fizga. Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne sarbo mai sauri, da jairo mai kyau, da rimot da ya zauna a hannu, wanda za ka daɗe da shi ko ka sake mota sau uku. Inda bai kamata ba kuwa shi ne kayan alminiyam masu launin ja da shuɗi da shunayya, waɗanda ake jera hotunansu ana ja wa yara rai. Ban ce ba su da amfani ga gwani ba, amma ga mai koyo israfi ne tsantsa, kuma na sha ganin mota ta roba a hannun mai haƙuri tana kunyata mota mai ƙyalli a hannun mai gaggawa. Kuɗin makaranta da haƙƙin iyaye kuwa ba sa shiga wannan lissafi ko da wasa. Abin da ya yi saura bayan wajibi shi ake kai wa mubahi.

Babin batir shi ne wanda nake roƙon ku karanta sau biyu, domin shi kaɗai ne a wannan wasa yake iya ƙona gida. Wanda aka fi amfani da shi, LiPo, mai ɗaki biyu ne, kowane ɗaki bolt 3.7, jimla 7.4, in ya cika kowane ɗaki yakan kai 4.2, kuma haramun ne a gare ka ka wuce wannan haddi, kamar yadda bai halatta ka tsotse shi har ɗaki ya sauka ƙasa da bolt 3 ba, shi ya sa ake saita ESC ya yanke wuta tun kafin a kai can. Ana yi masa caji da caja tasa ta musamman mai daidaita ɗakunan biyu, da ƙarfin da bai wuce girmansa ba, watau batir mai 4000mAh a ba shi amfiya 4. Kada ka sa shi caji ka tafi masallaci, ko ka kwanta barci, ko ka ɗora shi a kan katifa. Ka sa shi cikin jakarsa mai hana wuta, ko cikin tukunyar ƙasa, a kan siminti, kana kusa. In za ka yi kwanaki ba ka yi wasa ba, ka bar kowane ɗaki a wajen bolt 3.8, kada ka ajiye shi a cike. Ni na taɓa mance nawa a cike, cikin mota a rufe, a tsakiyar bazara, na dawo na same shi ya kumbura kamar fanke. Allah ya kiyaye bai kama ba, amma daga ranar ya tashi daga aiki, domin batirin da ya kumbura ko ya huje ba a lallaɓa shi, ba a kuwa huda shi don a fitar da iska, kamar yadda na ji wani yana ba da fatawa. Wanda zai aiki matafiyi ya riƙo masa, ya sani ƙa'idar jiragen sama ita ce irin wannan batir a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Wani sauƙi da Allah ya kawo mana shi ne, da yawan cajojin nan suna aiki da bolt 12, saboda haka batirin mota ko na sola ya wadatar, ba sai an jira a kawo wuta ba.

Sa'an nan sai ƙasa. Tayar wannan mota roba ce mai tauri, an yi ta ne don kada ta kama sosai, shi ya sa take zamewa a gudun da bai fi sassarfar mutum ba, kuma kowane irin daɓe da tayar da ta dace da shi. A Japan sukan shimfiɗa wani tayil na roba mai sulɓi, ko kafet, ko siminti gogagge, kuma kowane fili yakan ƙayyade taya guda da kowa zai sa don a yi tafiya daidai. A wajenmu abin da ya fi kusa shi ne daɓen siminti mai laushi, ko tarazo, ko tayil mai faɗi wanda ramukan tsakaninsa ba su da zurfi. Kwalta tana cinye taya, yashi da tsakuwa kuwa suna shiga giya su yi ɓarna. Ka nemi izinin mai wuri, ka riƙe tsintsiya ka share kafin ka fara, domin ƙura 'yar kaɗan tana sauya halin daɓe har ka zaci motarka ce ta lalace. A lokacin hunturu, in ka gama, ka bi ta da burushin fenti busasshe, ka juya kowace ƙafa da yatsa ka saurari boris, kuma kada ka cika mata giris a inda yake a buɗe, gama giris da ƙurar hunturu in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa.

To, ga mota ta haɗu, ga fili an share. A nan ne mafi yawa suke karaya, domin sun kalli gwanaye a waya sun zaci abin na yini ɗaya ne. Ka fara da saita jairo. Aikinta shi ne, da zarar ta ji gindin motar ya fara juyawa, sai ta murɗa ƙafafun gaba zuwa wannan wajen tun kafin idonka ya gani, domin abu ƙarami yana juyawa da saurin da hannun ɗan Adam ba ya cim masa. Ka ɗaga motar ka karkata gindinta dama. In ƙafafun gaba suka dubi dama, daidai ne, in suka dubi hagu ka juya saitin, in ba haka ba za ka yini tana wulwulawa kana zargin kanka. In ƙarfin jairo ya yi yawa za ka ga ƙafafun gaba suna karkarwa kamar mai zazzaɓi, in ya yi kaɗan motar ta riƙa juyewa. Mizanin yana tsakani, kuma da gwaji ake samunsa. Kada wani ya ce maka amfani da ita ha'inci ne, gwanayen duniya da ita suke yi, ita kuwa ba ta san inda kake son zuwa ba, ba ta kuma taɓa totur.

Daga nan ka rage ƙarfin totur a rimot zuwa rabi ko sama kaɗan, ka ajiye gwangwani guda a tsakiyar fili, ka tsaya wuri ɗaya kada ka bi motar da ƙafa, ka yi ta kewaya shi. Da fari da'irar za ta yi ta buɗewa tana rufewa, motar ta juye, ta tsaya tana kallonka. Kada ka damu, kowa ta nan ya bi. Abin da kake nema shi ne yatsanka ya gane cewa ƙarin totur kaɗan yana tura gindi waje ya buɗe da'ira, ragi kaɗan yana komo da ita, sakin kunama gaba ɗaya kuwa, wanda shi ne abin da tsoro ke sa mutum yi, yana kashe zamiyar nan take. Sitiyari ɗan gyara ne kawai, totur ne limamin tafiyar. In ka iya kewaye goma a jere ta hagu ba ka juye ba, ka koma ta dama, inda za ka tarar kamar ba ka taɓa riƙe rimot ba, domin kowane mutum yana da ɓangaren da ya fi masa sauƙi. Za ka kuma gamu da ruɗanin da kowa ke gamuwa da shi, cewa in motar ta fuskanto ka hagunta ya zama damanka. Maganinsa ka ɗauka a ranka kana zaune a cikinta, kuma wannan ba ya zuwa sai da maimaici.

Sai an ƙoshi da wannan darasi ake wanke allo a rubuta na gaba, watau gwangwani biyu, tsakaninsu taku biyar ko shida, a riƙa zana lamba 8 a kewayensu. A nan ake koyon sauya zamiya daga wannan gefe zuwa wancan, wanda shi ne mafi daɗi kuma mafi wuya: ka ɗan sassauta totur, nauyin motar ya koma gaba, gindi ya yi sauƙi ya wurgo zuwa ɗaya gefen, ka tarbe shi da totur kafin ya wuce gona da iri. Ni wannan darasi ya ci mini makonni, ina yin batir ɗaya ko biyu kullum bayan la'asar, kuma na tabbatar rabin sa'a kowace rana ya fi yini guda cur a ƙarshen mako, kamar yadda mai hadda ya sani game da tilawa. Bayan haka ne za ka zana hanya da alli, ka sa alamu inda hancin mota zai gifta kusa da su, da inda gindinta zai shafi bango.

Lokacin da hannunka ya fara zama, sha'awar taɓa saiti za ta taso, domin motar tana da wuraren gyara da yawa: kwanciyar ƙafa ciki ko waje, buɗewar bakin ƙafafun gaba, taurin sifirin, kaurin man shokozoba, da inda batir yake zaune. Ƙa'ida ɗaya zan ba ka, ka bar ta yadda littafinta ya ce har sai ka iya lamba 8, bayan haka ka sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta a ɗan littafi abin da ka sauya da abin da ka ji. Wanda ya taɓa abu biyar a zama ɗaya, in ta gyaru bai san dalili ba, in ta ɓaci bai san hanyar komawa ba. Bodi kuwa, wanda yake zuwa garau kamar gilashi, ta ciki ake fesa masa fenti, da fenti nasa na musamman mai lanƙwasuwa, a fara da launi mai duhu. Amma na farkonka kada ka ɓata dare kana ƙawata shi, bango ne zai ci rabonsa.

Na ce za mu komo ga lasisin Tsuchiya. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a garuruwanmu akwai samarin da ke ɗaukar motar gida, ko ta aro, su yi wasan ganganci da ita a kan titi ran ɗaurin aure ko ran salla, jama'a na kewaye ba shinge, kuma kowannenmu ya ji gidan da aka yi zaman makoki a dalilin haka. Mutumin da ake kira sarkin wannan fanni ma hukuma ba ta ƙyale shi ba, kuma darajar da ya samu daga baya a filin da aka killace ya same ta. Motar rimot tana ba ka ilmin nan, na nauyi da riƙo da karkata, kuskurenka kuwa ba ya wuce karyewar roba. Amma kada shaiɗan ya raya maka cewa don ka iya da yatsa ka iya da ƙafa. Ita ma ƙaramar tana da ladubbanta: ba a yi a bakin titi, ba a yi a harabar masallaci, ba a yi inda ƙananan yara ke rarrafe, kuma in aka kira salla an kashe rimot. In yaro ya tsaya yana kallo da kwaɗayi, ka rage totur ka miƙa masa ya taɓa, haka aka yi mini.

Gayar abin kuwa ita ce tafiyar biyu, wadda mutanen Japan ke kira tsuiso: mota ɗaya a gaba tana jan layi, ɗaya a baya tana kwaikwayon duk abin da ta yi, ƙofa kusa da ƙofa, su sauya tare kamar an ɗaure su da zare, sa'an nan a musanya, na baya ya koma gaba. Ba a yinta sai da wanda ka san hannunsa ya san naka, domin na gaba amana ce a wuyansa kada ya tsaya ba zato, na baya kuma in ya buga ya ce a gafarce shi, wanda motarsa ta juye ya jira a wuce kafin ya shigo. Saboda haka tun yanzu ka nemi mutum biyu ko uku masu irin ra'ayinka, ku sa taya iri ɗaya, ku yi karo-karo ku sayi caja da kayan ajiya, ku sami wani ɗakin taro ko rumfar da ba a amfani da ita da yamma ku nemi izini. Mu uku ne a namu, ni da wani mai gyaran waya da wani ɗalibi da na girmi ubansa, kuma ran da muka fara kewaya gwangwanayen nan biyu a jere ba wanda ya taɓa wani, sau uku cur, ɗalibin ne a gaba, ni ina biye.